Kwandon da Ba a Zuba Masa Komai: Yadda Ake Saƙa Gora Ta Zama Abin Kallo

A shekarar 2017 gidan adana kayan fasaha na Metropolitan da ke birnin New York ya buɗe baje kolin saƙar gora ta ƙasar Japan. A bakin shiga, wani masaƙi mai suna Tanabe Chikuunsai na Huɗu ya saƙa wani abu da ya taso daga ƙasa ya murɗe ya nufi rufin ɗaki, kai ka ce guguwa ce aka tsayar cak. Dubban silin gora ne ya sarƙe da hannu a nan wurin. Al'adarsa ce idan an tashi baje koli ya warware abinsa, ya kwashe silin, ya je wani gari ya sake saƙa wata siffa da su. Kakan mahaifinsa kwandunan fure yake saƙawa a garin Sakai, kusa da Osaka. Shi kuwa tattaɓa-kunnen, wanda aka haifa a 1973, sassaƙa ya karanta a jami'ar fasaha ta Tokyo kafin ya je Beppu, garin masaƙan gora a kudancin Japan, ya zauna koyon tsaga gora.

Gorar da nake nufi ita ce wadda ake sanda da ita, mai gaɓa-gaɓa kamar rake, ba goran ruwa ba. Abin da zan bi da kai a nan shi ne hanyar da masaƙan Japan ke bi tun daga sara har a ɗora aiki a kan teburi, tare da inda za ka sauya dabara idan gorar ƙasarmu ce a hannunka. Zan faɗa tun yanzu don kada ka ga na daɗe a wuri guda: mafi yawan aikin a gyaran sili yake. Saƙar kanta ita ce ɗan guntun da ya rage.

Yadda kwando ya bar aikin kwando

Da farko masu kuɗin Japan kwandunan ƙasar Sin suke saye don zuba fure a ɗakin shan shayi, masaƙan gida kuma suna kwaikwaya. Hayakawa Shokosai na Ɗaya, mutumin Osaka da ya rasu a 1897, shi ake ɗauka a matsayin wanda ya fara sa sunansa a jikin kwando. Abin kamar ƙarami ne, amma daga ranar kwando ya sami mai shi. Iizuka Rokansai, wanda ya rasu a 1958, ya kai kwando zauren baje kolin fasaha, ya riƙa saƙa wasu a tsare tsaf, wasu kuma a sake kamar an yi su da wasa. Sai Shono Shounsai na Beppu, wanda a 1956 ya fito da wani aiki mai siffar igiyar teku tana naɗewa. A 1967 gwamnatin Japan ta ba shi lambar da ake kira taskar ƙasa mai rai, shi ne masaƙin gora na farko da ya same ta. Daga nan ƙofa ta buɗe. Yau akwai masu saƙa abin da ba shi da gindi, ba shi da baki, ba a zuba masa ko tsinke.

A jihar Oita, inda Beppu take, akwai makarantar gwamnati da ake shekara biyu ana koyon wannan sana'a. Masu sana'ar suna cewa koyon fitar da sili kaɗai shekara uku yake ci. Kai ba shekara uku za ka yi kafin ka saƙa abinka na farko ba, amma ka riƙe maganar.

Zaɓen gora da sararta

Irin gorar da aka fi saƙa da ita a Japan sunanta madake. Gaɓoɓinta dogaye ne, jikinta ba kauri sosai, tana tsagewa miƙe, silinta kuma yana lanƙwasa bai karye ba. Tanabe ya fi amfani da wata mai ɗigo-ɗigo kamar fatar damisa, torachiku, wadda ke fitowa a wani ɗan yanki na Susaki a jihar Kochi. Akwai kuma susudake, gorar da ta shekara ɗari ko fiye a rufin gidan ciyawa hayaƙin murhu yana dukanta har ta koma ja-ja mai duhu. Wannan tsada gare ta, don gidajen da ake cire ta suna ƙarewa.

Gorar da ke fitowa a dazukanmu na arewa jikinta kauri ne, raminta ƙarami, wani lokaci ma kusan a toshe. Ta yi kyau a sanda da rufi, amma tsaga ta sili-sili sai an sha wuya. Wadda ake kawowa daga kudu, mai faɗin rami, ta fi sauƙin tsagawa, sai dai ƙwaro na sonta ƙwarai saboda sitacin da ke jikinta. Idan kana da zaɓi, fara da ta kudu, ka nemi mai tsawon gaɓa, wadda kaurinta ya kai kamar santimita 6 zuwa 8.

Shekarunta su kai uku zuwa huɗu. Sabuwar gora takan zo da farin gari a jiki da ɓawo manne a gaɓa, kuma silinta yakan yanƙwane idan ya bushe. Tsohuwa kuma, mai tabo da gansakuka, ƙaras take karyewa. A Japan da sanyi ake sara, lokacin da ruwa ya ja baya a jikin tsiron. A wajenmu lokacin da ya dace shi ne ƙarshen damina zuwa farkon kaka, domin a lokacin sababbin tsiro sun shanye sitacin uwar, ƙwaro bai da abin ci sosai. Sare ta da zarto dab da saman gaɓa ta ƙasa, kada ka bar rami a kututturen da ruwa zai taru ya ruɓar da saiwa. Kada kuma ka ja ta a ƙasa. Bayanta shi ne fuskar aikinka, duk ƙarzuwar da ta samu a daji za ta fito a kan teburi.

Cire mai da maganin ƙwaro

Ɗanyar gora tana da wani mai-mai a bayanta. Japanawa suna cire shi ta hanya biyu. Ko dai a gasa gorar a kan garwashi ana juyawa har man ya tsattsafo, a goge da tsumma tun da zafinsa, ko kuma a dafa ta a dogon kwano cikin ruwan da aka sa wa soda kaɗan, irin wadda masu sabulu ke amfani da ita, na kamar minti goma zuwa ashirin, a fitar a goge. Bayan haka a shanya a rana mako biyu ko uku ana juyawa, har kore ya tafi ta koma launin hauren giwa.

Ga mai farawa gashi ya fi. Soda tana cin fata, tana makantar da ido, kuma sai ka sami kwano mai tsawon gorar. A gashin, nisanta gorar da wuta kamar taƙi ɗaya, kuma kafin ka fara ka zura rodi ka huda gaɓoɓin ciki, in ba haka ba iskar da ke kulle za ta faɗaɗa gorar ta fashe da ƙara. Shanya kuma ka yi hankali da ita. Ranarmu ba ta Oita ba ce, hunturunmu kuma tsaga gora yake yi tun ba ka taɓa ta ba. Hantsi kaɗai ya isa, da rana ta take ka mayar inuwa.

Maganin ƙwaro na gargajiya shi ne a nutsar da gorar a ruwa mai gudu na wasu makonni ya wanke sitacin. Wanda ya fi tabbas shi ne a jiƙa ta kamar mako guda a ruwan boraks da borik asid, kilo 5 na haɗin a lita 100 na ruwa. Kada ka tsallake wannan. Ba abin da ya kai ciwon ka wayi gari ka ga farin gari a ƙarƙashin aikin da ka yi wata biyu kana yi.

Tsaga

Kayan aikin ba su da yawa: zarto mai ƙananan haƙora, wuƙa mai kauri da nauyi wadda aka wasa ta gefe biyu, ƙananan wuƙaƙe biyu masu tsini, guduma ta katako, guntun kututture, ma'aunin kauri irin na makanikai, da guntun fata ko tsohon wandon jins da za ka ɗora a cinya. Wuƙar tsaga ba kaifi ake nema a wajenta ba. Aikinta buɗe hanya ne, kamar yadda ake sa wa itace tsinken ƙarfe a faskare. Maƙerin unguwa zai iya ƙera maka ita daga tsohon sifirin mota.

Yanke gorar tsawon mita ɗaya da rabi. Ka bi kowace gaɓa da wuƙa kana juya gorar, ka kankare tudun da ke zagaye da ita, don a nan sili ke maƙalewa. Japanawa suna da karin magana cewa itace daga gindi, gora daga kai. Wato ta ɓangaren sama, inda ta fi siranta, ake fara tsaga. Ɗora wuƙa daidai tsakiya, buga da guduma har ta shige, sannan ka riƙa murɗa wuƙar hagu da dama kana turawa. Idan ka zo gaɓa, ɗan bugu ɗaya zai wuce da kai. Da ta rabu biyu, fasa bangon gaɓoɓin da ke ciki.

Daga nan doka ɗaya ce: kullum rabi. Biyu su zama huɗu, huɗu su zama takwas, takwas su zama goma sha shida. Duk wanda ya ce zai ɓare siriri daga gefen babba, tsagar za ta gudu ta fita ta gefen siririn kafin ta kai gaɓa ta biyu. Dalili shi ne tsaga tana bin ɓangaren da ya fi lanƙwasa, siriri kuma shi ya fi lanƙwasa. Wannan dalilin shi ne kuma maganin. Idan ka ga tsaga ta fara karkata, gefe ɗaya yana ƙara kauri, sai ka lanƙwasa mai kaurin da hannu, ka bar siririn a miƙe. A hankali za ka ga ta dawo tsakiya. Wannan ba a koyonsa da karatu. Gora uku ko huɗu za ka ɓata kafin yatsunka su fara jin gudun tsagar tun ido bai gani ba. Ci gaba da rabawa har kowane tsagi ya kai faɗin kamar milimita 6.

Sai raba kauri, wato a raba baya da ciki. Ƙarfin gora duk a bayanta yake, nan jijiyoyin suka cunkushe. Cikin kuwa laushi ne, shi ƙwaro ke ci, shi ke karyewa. Sa bakin wuƙa a kan tsagin, ka ɗan matsa kusa da baya maimakon tsakiya sosai, tunda bayan ya fi tauri. Buɗe da wuƙa, sannan ka ci gaba da yatsu, kana bin dokar nan ta lanƙwasa mai kauri. A gaɓa ka rage gudu, nan ne sili ke yawan tsinkewa. Wasu masaƙa sukan kama gefe ɗaya da haƙori ko da yatsun ƙafa su ja ɗayan. Raba sau biyu, ka ajiye ɓangaren baya, wanda a lokacin bai kai kaurin milimita ɗaya ba. Cikin da ka cire kada ka zubar, da shi za ka yi gwajin saƙa.

Yanzu kana da sili, amma kowanne da faɗinsa. Kafa ƙananan wuƙaƙen nan biyu a kan kututture, bakinsu na kallon juna, su ɗan buɗe ta gefen da sili zai shigo, tazarar da ke tsakaninsu milimita 5. Jiƙa silin, danna shi tsakanin wuƙaƙen da guntun gora, ka ja shi zuwa gare ka da ja ɗaya ba tsayawa. Duk wanda ya fito faɗinsa ɗaya da ɗan'uwansa. Sannan kauri: ɗora silin a kan fatar da ke cinyarka, bayansa a ƙasa, danna wuƙa a kansa a ɗan kwance, ka ja silin. Wuƙa ba ta motsi, sili ke tafiya. Maimaita har ma'auni ya nuna maka rabin milimita. Daga ƙarshe ka kashe kaifin gefuna biyun da ɗan kankara, domin sabon sili yanka yake kamar reza, kuma wanda aka kashe wa gefe ya fi santsin shiga saƙa, ya fi ɗaukar haske.

Gwajin sili mai kyau shi ne ka haɗa bakinsa biyu ka yi da'ira. Idan ta zagaye sumul, ya yi. Idan ta yi gwiwa a wani wuri, nan ya fi siriri, kuma nan aikinka zai karye ko ya lotsa. Don aikin farko mai girman kamar santimita 40, shirya sili tamanin. Za ka ga kamar sun yi yawa. Ba za su isa ba ma.

Ido mai kusurwa shida

A Beppu saƙa takwas ake lissafawa a matsayin tushe. Akwai yotsume mai ido na kusurwa huɗu, da ajiro mai tafiya a karkace irin wadda muke gani a tabarmar kaba, da gozame mai kama da asabari, da sauransu. Wadda za ta fi yi maka amfani ita ce mutsume, mai ido na kusurwa shida, domin ita ce ke ba da siffa ba tare da an tilasta mata ba.

Jiƙa silin minti goma, ka ajiye ruwan feshi kusa. A kan faffaɗan katako, zana layuka ta fuska uku, kowanne ya karkata digiri 60 daga ɗan'uwansa, su zama jagora. Ɗauki sili shida, biyu-biyu a kowace fuska, ka jera su su kewaye rami mai kusurwa shida a tsakiya, bayan gora na kallon sama. A kowane gefen ramin za ka ga ƙaramin alwatika inda sili uku suka haɗu. Sirrin saƙar duk a nan yake: na farko ya hau na biyu, na biyu ya hau na uku, na uku ya hau na farko. Babu wanda ke saman duka, babu wanda ke ƙasan duka. Idan ka bi sili guda da yatsa, za ka ga yana hawa ɗaya yana shiga ƙarƙashin ɗaya har ƙarshe. In ka tarar ya hau biyu a jere, an yi kuskure, warware ka gyara nan take, don ba ya ɓoyuwa.

Ƙara sili ɗaya-ɗaya kana zagayawa, kana matse kowanne har idanun su zama girmansu ɗaya. Ɗora dutse ko ƙarfe a tsakiya kada abin ya zame. Yi wannan shimfiɗaɗɗiyar saƙa sau biyar ko shida da cikin gorar da ka ajiye, kana warwarewa, kafin ka taɓa silin kirki.

Inda siffa ke fitowa

Muddin kowane ido kusurwa shida gare shi, saƙar a shimfiɗe za ta zauna kamar faifai. Ka tuna tsohuwar ƙwallon ƙafa mai baƙi da fari. Farare 20 masu kusurwa shida ne, baƙaƙe 12 masu kusurwa biyar, kuma baƙaƙen nan su suka sa ta dunƙule. Haka yake a gora. Duk inda ka rufe ido da sili biyar maimakon shida, saƙar za ta kumbura a nan ta yi kamar ƙoƙo. Ido mai kusurwa biyar guda shida a kewayen gindi su ke ta da bangon kwando ya miƙe tsaye. Guda goma sha biyu su rufe shi ruf ya zama ƙwallo. Idan kuma ka cusa ƙarin sili ka yi ido mai kusurwa bakwai, saƙar za ta yi yalwa fiye da wurin da take da shi, sai ta murɗe kamar sirdin doki, gefe biyu sama, gefe biyu ƙasa.

Mai saƙa kwandon kasuwa ya san inda zai sa ido biyar ɗinsa guda shida, a jere daidai, shi ke nan. Mai saƙa abin kallo shi ne wanda ya ɗauke su daga inda aka saba. Sa uku a gefe ɗaya kusa da juna, wancan gefen ka bar shi ba ko ɗaya, ka ga yadda abin zai sunkuya kamar mai ruku'u. Sa mai bakwai a wuyansa, bakin zai buɗe ya juya waje kamar furen kabewa.

Ga yadda nake ba da shawarar a yi na farko. Fara da ido mai kusurwa biyar a tsakiya, ka zagaye shi da layi uku na ido mai kusurwa shida, za ka sami ɗan ƙoƙo mara zurfi. A layi na huɗu sa ido biyar guda biyu a gefe guda. Ci gaba layi biyu, sannan a ɗaya gefen ka sa mai bakwai guda ɗaya. Daga nan ka daina lissafi. Ɗaga abin, juya shi, ka duba ina silin da suka rage suke son nufa. Tattara su dami-dami, ka lanƙwasa wani damin ya koma ya shige cikin jikin saƙar, wani ka bar shi ya yi sama. Kama su da abin maƙale shanya, ka ajiye, ka ja da baya taku biyar ka kalla. Gobe ka sake kalla kafin ka ɗaure komai.

A ganina nan ne masu farawa suka fi ɓata aiki. Mutum ya zana abu a takarda, ya dage sai gora ta bi zanen, ya yi ta ɗaure da waya yana liƙa gam. Abin da ke fitowa a mace yake. Kyan wannan fasaha shi ne mai kallo ya ji cewa kowane sili yana ƙoƙarin miƙewa, 'yan'uwansa ne suka riƙe shi. Zane yana da amfani don ka san inda ka dosa, amma idan sili ashirin suka karkata hagu, ka bi su hagun.

Idan ƙashin ya tsaya yadda kake so, sai cika shi. Akwai saƙar da ake kira yatara, wadda ake zura sili ta ko'ina ba tsari, kamar sheƙar tsuntsu. Ɗauki sili, fere bakinsa, ka zura shi ta idanun yana hawa yana sauka, ka bar shi ya bi lanƙwasar jikin. Na gaba ya fito ta wata fuska dabam. Da sun yi yawa za ka ji abin ya ƙanƙame ya yi ƙarfi ba tare da ɗauri ba. Kada ka cika ko'ina daidai. Wani wuri ya toshe har haske ba ya wucewa, wani wuri ka bar idanun a buɗe. Ramin da ka bari da inuwar da zai jefa a bango suna cikin aikin, don haka ka riƙa haska shi da tocila da dare kana duba. Idan sili ya ƙare a tsakiyar tafiya, ɗora sabo a kansa su yi tafiyar ido uku tare, ka ɓoye bakin a ƙarƙashin wani.

Wuta, kwagiri da baki

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma busasshiyar gora da wuta ake lallashinta. Inda kake son kusurwa mai kaifi ko lanƙwasa mai tsanani, kara cikin silin a kan ƙaramar wuta ko ƙarfe mai zafi kana motsa shi. Za ka ji ya saki a hannunka kamar ya yi laushi. Lanƙwasa a lokacin, ka riƙe, ka shafa masa ruwan sanyi. Ya zauna ke nan. Kyandir yana baƙanta gora da hayaƙi, fitilar sifirit ta fi tsabta.

Bakin aiki shi ke tona asirin masaƙi. Hanya mafi sauƙi ita ce ka jiƙa ragowar silin sosai, ka lanƙwasa kowanne ka mayar da shi cikin saƙar ya bi sawun wani. Idan kana son baki mai ƙarfi, yi zobe biyu da gora mai ɗan kauri, ɗaya ciki ɗaya waje, su matse bakin saƙar, sannan ka naɗe su da tsagaggen kwagiri. Japanawa ma da kwagiri suke ɗauri, daga kudu maso gabashin Asiya ake kai musu, kuma sun mai da ƙullin kansa ado. Wajen masu saƙa kujerun kwagiri za ka samu. Jiƙa shi sosai, ja da ƙarfi, idan ya bushe zai ƙara kamawa.

Sai maganar tsayuwa. Abin da ba shi da gindi dole ya san yadda zai zauna. Nemo wurare uku da zai taɓa teburi, ka ƙara sili a nan su yi nauyi. Uku ba sa rawa, huɗu kuwa sai ɗaya ya ɗaga. Ko kuma ka yanke shawara tun farko cewa rataye shi za a yi.

Launi

Bayan gora santsi gare shi, rini ba ya kama shi. Wanda ke son launi sai ya kankare wannan santsin da wuƙa tun gorar tana dunƙule, kafin tsaga. Masaƙan Japan sukan rina silin ko su tsoma aikin dungurungum a tafasasshen rini, sannan su shafa urushi, wani ƙaron itace da ake gogawa a share, a bar shi ya bushe a wuri mai laima. Ɗanyensa yana sa ƙuraje masu ƙaiƙayi ƙwarai, kuma a busasshiyar iska irin tamu ba ya kamawa da daɗi. Ba sai ka neme shi ba.

Abin da dukawa ke rina fata da shi ya ishe ka gwaji: karan dafi don ja, bagaruwa da ruwan tsatsar ƙarfe don baƙi. Gwada a guntun sili tukuna, ka bari ya bushe, don launin jiƙaƙƙe yaudara ne. Bayan rini shafa kakin zuma kaɗan ka goge da tsumma. Fenti mai ƙyalli irin na kafintoci kuwa ka nisance shi. Yana cike mahaɗar sili, ya mai da gora kamar roba. Ni dai na farko ba na son a rina shi sam. Farar gora da kanta take komawa ruwan zuma da shekaru, kuma ba ta ɓoye maka kuskurenka.

Kafin ka ce ka gama, bi aikin da almakashi ka datse duk gashin da ya tashi, ko ka wuce da shi ta saman wuta da sauri su ƙone. A Japan masaƙi yakan sassaƙa sunansa a wani faffaɗan sili a ƙasan aikin, a ajiye shi cikin akwatin katako da aka rubuta sunan aikin a murfinsa. Kai ma ka sa naka sunan da shekara, ka nemi kwali mai ƙarfi. Ajiye shi nesa da taga da hasken rana, nesa da bangon da gara ke bi. Ƙura da burushi mai laushi ake share ta. Idan hunturu ya kama, ka sa ƙaramin kwano da ruwa kusa da shi, ka kuma riƙa duba ƙarƙashinsa lokaci-lokaci ko farin gari ya zuba.